Aikin Z ɗin Baba: zafin inji da robobin iska

Asabar, 24 ga Fabrairu 2024

Daga yau zan riƙa rubuta duk abin da aka taɓa a motar nan, sbd an kai matsayin da yau a canza wannan gobe a canza wancan, kuma ba wanda zai iya faɗa maka me ya yi aiki me bai yi ba. Motar Nissan 300ZX ce ƙirar 1991, mai rufin gilashi guda biyu da ake cirewa, injin VG30DE, V6 lita 3 marar turbo, giyar hannu. Ta marigayi Babanmu ce, Allah ya jiƙansa da rahama. Ƴar Amurka ce da ta shigo ta Kwatano, tun ina sakandare nake wanke ta duk ranar Asabar, da aka zo rabon gado nace a saka min ita a kasona ko nawa aka yi mata kuɗi.

Matsalarta guda biyu. Na farko zafi: in tana gudu a baifas lafiya lau, amma da na shiga gosulon Ahmadu Bello Way wajen Kasuwar Sheikh Gumi da rana, musamman in esi na kunne, sai allurar zafi ta fara hawa a hankali har ta wuce rabi, jiya kam sai da na faka na kashe ta, ina jin ruwa na ɓararraka a cikin ƴar robar ajiyar ruwa ta gefe. Na biyu silo, wato aikin inji lokacin da mota ke tsaye ba a taka totur ba: ba ta tsayawa waje ɗaya, ta hau ta sauka ta hau ta sauka kamar mai haki. Ga watan Maris da Afrilu na tafe, kowa ya san zafin Kaduna a lokacin, in ban gyara yanzu ba gasket ɗin kan silinda zan ƙona.

Dokar da na kafa wa kaina: abu ɗaya a lokaci ɗaya, a auna kafin a taɓa, a auna bayan an taɓa.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Da sassafe inji a sanyaye na buɗe murfin lagireto. Dan Allah duk mai karanta wannan kar ya taɓa buɗe shi da zafi, na san wanda har yau tabon yana wuyansa. Ruwan ciki jawur kamar ruwan kogin Kaduna da damina, ba alamar an taɓa zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji na kanti, a kusa. Robar murfin kuma ta tsattsage, sifirin ɗin ya saki.

Mutane na raina murfin nan alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa. Ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa a bakin teku, mu nan da muke sama da teku da wajen mita 600 ma bai kaiwa 100 ɗin, kusan 98 ne. Amma in murfi ya riƙe matsi na bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), sai ya kai wajen 120 kafin ya tafasa. Kenan da mataccen murfi inji zai iya tafasa ruwa a zafin da bai kamata ya dame shi ba, kuma da zarar tururi ya taru a kan silinda ƙarfen wajen ba ya samun sanyi.

Na ari bindigar auna zafi wajen wani abokina mai gyaran esi, irin wadda kake haska jan ɗigo ta ba ka lamba. Bayan minti 25 a silo da esi: tiyon sama 103. Na bi fuskar lagireto ta inda hannu ke shiga, gefe ɗaya da zafi, amma ƙasa ta tsakiya akwai wajen da ya fi sauran sanyi sosai. Wajen nan ruwa ba ya bi, a toshe yake.

Na kashe ta da zafinta na juya fankar inji da hannu. Ta yi ta juyawa ba tirjiya. Ban ji daɗin wannan ba, na rubuta shi na ajiye.

Asabar, 2 ga Maris

Mun sauke lagireto ni da Baba makanike, dattijon da ke duba motar tun Babanmu na raye. Abin da muka tarar tsakanin kwandensa da lagireto sai wanda ya gani: ƙurar hunturu ta shekaru ta haɗu da busasshiyar ciyawa da gashin kaza da ledar fiya wata guda biyu, duk sun zama kamar tabarma, kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskar a rufe. Daga waje ba ka ganin komai. Kuma ɓangaren ƙasa na robar da ke zagaye fanka babu shi, wani ya cire bai mayar ba, ita kuwa robar nan ita ke tilasta wa fanka ta jawo iska ta cikin lagireto maimakon ta gefe.

Sai muka buɗe gidan tamostat, ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi. Wayam.

Nace Baba ina tamostat? Yace ai wani gareji da aka kai ta lokacin da ya yi tafiya Umara su suka cire, kuma shi bai ga laifinsu ba, "Alhaji ƙarami, wannan abin na ƙasar sanyi ne, mu nan me za mu yi da shi". Wlh ina ganin girman Baba, hannunsa ya san inji fiye da nawa nesa ba kusa ba, amma a nan ban bi shi ba. Nace Baba ka yi haƙuri, tamostat ɗin motar nan a 76.5 yake fara buɗewa, lokacin da inji ya kai 100 ya daɗe a wangale, to ta yaya abin da ke buɗe zai zama shi ke kawo zafi? In ka cire shi lagireto bai ƙara girma ba, fanka ba ta ƙara ƙarfi ba. Abin da ka samu kawai inji ya daɗe bai ɗau zafin aikinsa ba da safe, burenbos, wato kwamfutar mota, ya yi ta ƙara mai yana zaton har yanzu da sanyi, fetur na tafiya a banza a wannan tsadar tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuma ainihin ciwon yana nan an lulluɓe shi. Ya yi shiru yace to a kawo sabo mu gani. Hakan ma ya ishe ni.

Na kai lagireton Tsohuwar Panteka. Mai gyaran ya buɗe tankin, tankin roba ne a jikin alminiyom, ya nuna min bututan ɗaya bayan ɗaya, da yawansu cike da laka da tsatsa. Yace zai iya tsefe su amma wuyan tankin sama ya riga ya canza launi ya koma ruwan ƙasa, ya sa farce ya kankare sai ga shi yana marmashewa. Yace gaskiya kar in ɓata kuɗina. Na gode masa, mutum mai amana. Zan nemi wani.

Asabar, 9 ga Maris

Yau ce ranar da aikin ya canza fuska.

Tunda gaban inji a buɗe yake nace bari in duba maganar silo. Duk wanda ya taɓa buɗe bonet ɗin Z32, wato irin wannan ƙirar ta 300ZX, ya san babu wajen saka hannu, inji ya cika ramin taf, zafi ba shi da hanyar fita, ga shekara 33. Na kai hannu zan ɗan matsar da wata siririyar robar iska in ga bayanta, sai ji na yi ƙaras, ta karye gida biyu a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Ban ja ba, ban murɗa ba. Na ɗauki guntun na matsa da yatsa biyu, ya farfashe, cikinsa ya yi fari-fari. Na taɓa ta kusa da ita, ita ma bakinta a tsage yake ta ƙasa inda ido ba ya gani. Wata kuma can baya an yanke ta an cusa mata ƙusa mai inci biyu an naɗe da baƙin salatif, salatif ɗin ma ya narke ya zama danƙo.

Ga wanda bai sani ba, waɗannan ƙananan robobi ba ruwa ke bin su ba, ba mai ba. Zuƙar da inji ke yi ce a cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, ake rarraba ta zuwa wurare: na'urar daidaita matsin fetur, bawul ɗin EGR mai mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji, gwangwanin gawayi mai kama tururin fetur, da su sulunoid, ƙananan bawul masu aiki da lantarki. Babbar kuma ta tafi tukunyar birki. In ɗaya ta tsage iska ce ke shiga inji ta bayan mitar iska, burenbos bai ƙirga ta ba, sai mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa. A gudu ba ka ji sosai sbd iskar da ke shiga ta totur ta fi ta yawa nesa, amma a silo ɗan tsagin nan babban abu ne. Shi ya sa take haki.

Na rasa injin hayaƙi na gwaji sai na haɗa nawa: tsohon gwangwanin fenti, na huda murfin waje biyu, garwashi kaɗan da turaren wuta na Hajiya a ciki, famfon keke a huda ɗaya tiyo a ɗayar. Na cire mitar iska na toshe bakin da safar hannu ta roba, inji a kashe a sanyaye, ɗan autana na buga famfo a hankali. Hayaƙi ya fito waje shida. Shida. Har da ƙarƙashin manifol na sama inda ba ka isa ka kai hannu ba sai ka sauke shi gaba ɗaya. Garejin gidan ya cika da ƙamshi, ni kuma raina a jagule, don na san sauke manifol ɗin motar nan ba aikin yini ɗaya ba ne.

Kafin in cire komai na ɗau hoto ya fi 60, kowace roba na manna mata farin salatif na rubuta lamba a bakinta biyu, na zana a littafi 1 ta tashi daga ina ta je ina. Takardar zanen robobin da ke manne a cikin bonet ta koɗe amma da tocila ana iya karantawa, ta taimaka ƙwarai.

Asabar, 16 ga Maris

An ɗau azumi tun Litinin, saboda haka aiki ya koma dare bayan tarawihi, awa ɗaya ko biyu in akwai wuta.

Na manta ban rubuta ba, kafin in cire batir na karanta burenbos. A wannan motar yana ƙasan ƙafar fasinja, ka ɗaga kafet akwai wani katako, yana bayansa. Ba ka buƙatar kwamfuta: ka kunna makulli ba tare da tada inji ba, ka juya ɗan sukurun da ke jikinsa zuwa ƙarshe, ka jira daƙiƙa biyu ka mayar, sai jar fitila ta fara ƙiftawa, dogon ƙiftawa goma-goma, gajere ɗaya-ɗaya. Da 55 ta ba ni da ba komai. Ta ba ni 13, sensan zafin ruwa.

Sensa biyu ne a bututun ruwa na gaba, mai waya ɗaya na allurar dashbod ne, mai waya biyu shi ke magana da burenbos. Na zare soket ɗin mai waya biyun, ciki kore shar da tsatsa. Sensan kansa na gwada shi da mita, a ruwan sanyi da na zafi, ƙa'idarsa wajen 2.1 zuwa 2.9 kilo'om a zafi 20, ya sauko wajen 0.3 a zafi 80, kuma ya bi ƙa'idar. Kenan soket ne. Tsatsa na ƙara tirjiya, shi kuma burenbos yawan tirjiya a wajensa sanyi ne, to inji na ƙuna shi yana ganin da sauran sanyi, kuma shi ne mai ba ƙaramar fankar lantarki ta gaba umarnin tashi. Mai wayarin ya yanke soket ɗin ya sa wani da dalma, nace ban yarda da murɗa waya a naɗe ba.

Asabar, 30 ga Maris

Sati biyu ina jiran kaya. Na zaga Ori Apata shago-shago, murfin lagireto da kilif da kulant na samu, tamostat da fan kuloci, wato abin da ke kama fankar inji ya sake ta, babu, wasu ma ba su taɓa ganin motar ba. Lagireto wani ya samo min daga Ladipo a Legas, sauran sai oda daga waje, da dala a inda take yanzu kowane ƙaramin abu sai ka yi lissafi sau biyu.

Wani ya ba ni shawarar in sa tiyon ƙarin ruwa na asibiti wai girmansu ɗaya. A'a. Wannan roba da ta ji zafin inji laushi take ta manne, zuƙa ta shafe ta, ka koma gidan jiya. Na sayi robar silikon mai kauri ta mita-mita, girma uku. Abu ɗaya da ya kamata a sani: silikon na jure zafi amma ba ya shiri da fetur da baƙin mai, don haka duk layin da mai ko tururinsa ke bi na sa masa robar mai ta asali.

Manifol ya sauka daren Laraba. Wanda zai yi wannan aikin ga abin da na koya da tsada: kar ka ja tsohuwar roba daga bakin sulunoid. Na ja guda ɗaya, ɗan hancin robar da take kai ya taho tare da ita. Daga nan reza na koma amfani da ita, in tsaga robar a tsaye a hankali in ɓare ta kamar ɓawon rake, ba wanda ya sake karyewa. Soket ɗin nozul ma haka suke, biyu sun farfashe ina taɓa su.

A ƙarƙashin manifol akwai ƙananan tiyon ruwa da ke kai ruwan zafi wajen totur, ɗaya ya kumbura kamar tsiran da ya sha mai, gefen kilif ɗinsa da farin gishiri-gishiri. Nan ruwana ke tafiya kenan. Ɗigo kaɗan ne, yana sauka kan inji mai zafi ya bushe, shi ya sa ban taɓa ganin jiƙa a ƙasa ba amma duk sati sai na ƙara ruwa. Na canza su duka, wanda ya lalace da wanda bai lalace ba, ba zan sake sauke manifol ɗin nan don tiyo ɗaya ba.

Na toshe ramukan shan iska shida da tsumma mai tsabta tun minti na farko. Noti ɗaya ya faɗa ciki an gama.

Asabar, 6 ga Afrilu

Tamostat ya iso. Kafin in ɗaura na kira Baba, na ɗora tukunya a risho na rataya shi da zare cikin ruwa, ga ma'aunin zafi a gefe. Muna tsaye muna kallo, ruwa na wuce 76 kaɗan sai ga bakinsa ya fara rabuwa, kafin ruwa ya tafasa ya buɗe gaba ɗaya. Baba ya karɓi zaren ya ɗaga ya duba da kyau yace "to ai shi kenan, ɗaura abinka". Da hannunsa ma ya shafa gam ɗin gasket ya zaunar da shi, ɗan ramin fitar iska yana sama.

Mun wanke cikin inji da ruwa har sau huɗu kafin ya fito fari. Ban sa omo ba duk da an ce in sa. Na haɗa kulant rabi, ruwan batir rabi, ina nufin tataccen ruwan nan marar asid, a duba kwalba da kyau kafin a zuba. Ruwan rijiya da na bohol su ne suka cika tsohon lagireto da laka, kuma kulant ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, akwai maganin tsatsa a ciki, injin da kansa alminiyom ne gindinsa ƙarfe yana buƙatarsa ko a ina yake.

Fitar da iska ta ci awa guda: gaban mota a ɗage, hita a kan zafi, mazurari a bakin lagireto, ina matsa tiyo kumfa na fitowa har ta daina. Da ta daina ta daina kenan, ba ƙananan kumfa masu ci gaba da tasowa in an taka totur, baƙin mai ba fari a ciki, salansa ba farin hayaƙi. Alhamdulillah alamu sun nuna gasket bai tafi ba, wannan ne abin da ya fi hana ni barci.

Silo kuwa ya zauna daram wajen juyi 700 a minti. Na sa gejin zuƙa: kafin aiki 13 take nunawa allura na rawa, yanzu 18 cak. A tudu irin namu wannan lamba ce mai kyau. Na jima zaune a ciki ina sauraron ta, haka take yi lokacin da Babanmu ke ɗumama ta kafin ya tafi ofis.

Asabar, 13 ga Afrilu

Barkanmu da Sallah. Jiya na fita da ita ziyara da rana tsaka. A hanya tiyon sama 84 zuwa 88, madalla. Amma na tsaya a cunkoson Kawo da esi minti 15, na sauka na auna, 99 tana neman 100. Ba ta tafasa ba, allura ma ba ta motsa sosai ba, allurar nan ba ta faɗin gaskiya sai abu ya yi nisa. Sauran fan kuloci kenan, wanda na ga alamarsa tun ranar da na juya fanka da hannu ba tirjiya.

Yadda yake aiki: akwai man silikon a ciki da wani ɗan nannaɗaɗɗen ƙarfe a fuskarsa, iskar da ta ratso lagireto in ta yi zafi ƙarfen ya motsa ya buɗe wa man hanya, sai fanka ta kama da ƙarfi ka ji tana gurnani. Nawa man ya tsiyaye, ga baƙin maiƙo da ƙura a fuskarsa. An ce a ɗaure shi dairek da noti a huta. Ban yarda ba, fankar roba ce mai shekara 33 kuma na ga ƙananan tsagi a gindin fukafukanta, in aka tilasta mata bin gudun inji har sama wata rana fiffike zai tashi ya shiga sabon lagireto, ga nauyin da zai ɗora wa wata famfo, wato famfon da ke zagaya da ruwa a inji. Na yi odar fankar ma tare.

Asabar, 27 ga Afrilu

Fan kuloci da fanka sun iso Alhamis, mun ɗaura jiya da yamma tare da ɓangaren robar ƙasan da wani mai walda a Panteka ya ƙera min da falle, ya zauna kamar na asali.

Yau ƙarfe 1 na rana na koma Kawo da gangan, waje ɗaya, esi a kunne. Minti bakwai da tsayawa na ji gurnanin fanka ya taso, ya yi kamar minti ɗaya ya lafa, can ya sake tasowa. Minti 20: 91. Daga nan na miƙe Zariya na dawo, kusan kilomita 80 kowane zuwa, na auna a Kwangila 86, na auna a gida 87. Da ta huce na duba ruwa yana inda na bar shi, na bi sababbin robobin da tocila ɗaya bayan ɗaya ba wadda ta zame.

Baba ya zo da la'asar ya sa hannu a bayan fanka ya ji iskar, yace in kawo masa littafin ya ga zanen robobin, akwai wata tsohuwar Datsun a garejinsa da yake so ya bi ta haka.

Abin da ya rage: taimin bel. Ƙa'idarsa mil 60,000, kuma ban samu wata shaida ta ranar da aka canza na ciki ba, injin nan kuwa in bel ya tsinke fistin da bawul haɗuwa suke. Zan haɗa da wata famfo tunda hanyarsu ɗaya. Har kayan su iso ba za ta wuce cikin gari ba. Soket ɗin nozul huɗu da ban canza ba su ma suna cikin odar.